Millennium, Tafkin Jabi ko Gidan Namun Daji: Ina Za a Kai Mai Buƙata ta Musamman Shan Iska a Abuja?

Wurare uku ne bakin mutanen Abuja ya fi saurin kamawa idan aka ce a fita shan iska da iyali: lambun Millennium da ke Maitama, bakin tafkin Jabi, da gidan namun daji na yara da ke Asokoro. Ga mai cikakkiyar lafiya, zaɓi a tsakaninsu bai wuce na sha'awa ba, yau nan gobe can. Amma a gidan da ke da tsoho a keken guragu, ko yarinya makauniya, ko yaron da hayaniya ke birkita shi, kuskuren zaɓi yana nufin a biya kuɗin mota, a je a sha wahala, a dawo rai a ɓace. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abin da ke biyo baya: mai larurar ya ƙudurta a ransa cewa ya zame wa mutane kaya, gobe ko an ce ya zo a fita sai ya ce a je kawai, shi zai tsare gida.

Tunanin da ya kamata a fara cirewa daga kai shi ne cewa akwai wuri guda da ya dace da masu buƙata ta musamman gaba ɗayansu. Sunan ya tara mutanen da buƙatunsu ke karo da juna. Shimfiɗaɗɗen daɓe mai faɗi da mai keke ke so, a nan ne makaho ke rasa gefen da sandarsa za ta bi. Ciyawar da ke cije tayar keke, ita ce ta fi sauƙi ga wanda shan inna ya kama yana tafiya da hannuwansa. Don haka mutumin za a fara dubawa kafin wurin. Yaya zai taso daga mota zuwa ƙofa? Wace irin ƙasa zai taka? Ina zai zauna a inuwa idan ya gaji? Idan fitsari ya matsa shi, minti nawa ne tsakaninsa da banɗakin da zai iya shiga? Da waɗannan tambayoyi zan auna wuraren uku.

Na fara da Millennium domin shi ne lambu mafi girma a birnin, kuma shi zan zaɓa wa yawancin masu keke. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin taron ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Abuja. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi a kan fili mai faɗin hekta 32, kuma tsarin nasa ne ya raba lambun gida biyu ta fuskar mai larura. Rafi ya ratsa tsakiya. Ɓangaren da ke wajen babbar ƙofa lambu ne irin na Italiya, da miƙaƙƙiyar hanya da aka daɓe da farin dutse, da maɓuɓɓugan ruwa a jere, an saita ta yadda mai tafiya zai riƙa hangen dutsen Aso. Ɗaya ɓangaren kuwa, a tsallaken rafin, an yanka shi hawa-hawa don a nuna ire-iren tsirran ƙasar nan, daga na kurmi har zuwa na sarari.

Ɓangaren farko shi ne na mai keke. Taya tana son ƙasa mai tauri wadda ba ta da rami, kuma farar hanyar nan ta ba da haka, ga faɗin da keke zai wuce mutane ba tare da ana ta cewa "gafara dai" ba. Mai shanyewar ɓarin jiki da ke koyon tafiya da sanda shi ma zai ji daɗinta, saboda ƙafar da yake ja ba za ta riƙa harɗewa da saiwa ko tsakuwa ba. Ɓangaren tsallaken rafi kuwa, duk kyansa, a bar shi ga masu ƙarfin hawa. Wurin da aka yanka hawa-hawa dole sai an hau an sauka, kuma babu laifi a tsaya a hange shi daga nesa.

Akwai abubuwa uku da mai tura keke zai sa a ransa a Millennium. Na farko, filin da rafi ya ratsa gangarawa yake yi zuwa rafin, wato tafiya ciki ta fi dawowa sauƙi. Mutum yakan saki jiki ya yi nisa saboda keken na tafiya da kansa, sai a dawowa, ga rana ga gajiya, ya gane aikin da ya ɗauko. A juyo tun da sauran ƙarfi. Na biyu ya fi wannan muhimmanci: inda daɓen yake a nan rana take, inda inuwa mai kauri take kuma a kan ciyawa ne, ƙarƙashin manyan itatuwa. Al'adar wurin ita ce a shimfiɗa tabarma a gindin itace a baje abinci. Ga mai keke wannan yana nufin ko dai a gangara da keken kan ciyawa, ko a ciccibo shi a ajiye a ƙasa sannan a sake ɗaga shi, wanda ga tsoho mai nauyi ko mai ciwon laka ba ƙaramin aiki ba ne. Dabarar ita ce a nemi itacen da ya fi kusa da bakin hanya, a juya keken a ja shi da baya, domin ƙananan tayoyin gaba su ne ke nutsewa, manyan na baya suna hawa. Da rani ƙasa ta yi tauri abin yana yiwuwa. Da damina, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, ƙasar ta jiƙe kuma taya za ta kafe. Na uku shi ne farin dutsen kansa. Da tsakar rana yana ɗaukar zafi yana kuma mayar da haske cikin ido. Gurgun da ke tafiya da hannu ko a kan katako mai taya zai ji shi a tafin hannunsa, zabiya da mai raunin gani kuma ƙyallin zai kashe musu ido. Idan aka yi ruwa ko fesawar maɓuɓɓuga ta jiƙa shi, mai sandunan dogarawa ya taka a hankali.

Ga makaho, Millennium ne ma na fi so, kodayake mutane ba su cika tunanin kai makafi lambu ba, wai me za su gani. Wannan tunani kuskure ne. Miƙaƙƙiyar hanya mai gefe bayyananne, dutse a nan ciyawa a can, ita ce irin wadda sanda ke karantawa cikin sauƙi. Babu mota, babu babur a ciki. Akwai ƙarar ruwa idan an kunna maɓuɓɓugan, akwai kukan tsuntsaye, akwai ƙamshin ciyawa da iskar da ke sauyawa idan an shiga ƙarƙashin itace. Abin lura kawai shi ne kwamin ruwan da ke kan hanyar da kuma gaɓar rafin. Ɗan jagora ya faɗa da baki kafin a iso, kuma ya bar makahon ya riƙe gwiwar hannunsa yana bin sa da rabin taki, maimakon ya riƙa tura shi daga baya ko ya ja sandarsa.

Inda Millennium ya fi rauni shi ne girmansa. A fili mai hekta 32, banɗaki komai kyansa yana iya yi wa mutum nisa. Mai ciwon suga da ke yawan fitsari, da mai ciwon laka da ba ya iya riƙewa, da tsohuwar da kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba sai abu ya ƙure, dukansu wannan ce babbar damuwarsu, kuma ita ce ke hana da yawa fita tun daga gida. Wanda ke da irin wannan larura a zauna da shi kusa da ƙofa, inda mota ba ta da nisa.

Wannan ne ya kawo mu Jabi, wanda a gaskiya wuri biyu ne da suna ɗaya. Tafkin madatsa ce da aka gina a farkon shekarun 1980 don shayar da sabon birnin, kafin dam ɗin Usuma ya karɓi aikin. A bakinsa akwai filin shaƙatawa na jama'a, akwai kuma katafaren kantin nan na Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015. Ƙofofinsu daban ne, kuma wanda ya ce wa direba "Jabi Lake" kawai, ba lallai ne a sauke shi inda yake nufi ba.

Filin jama'ar yana da abin da Millennium ba shi da shi: ruwa mai faɗi da iskar da ke tasowa daga kansa, wadda ko mutum bai motsa daga inda aka ajiye shi ba zai ji ya fita. Ga wanda tafiya ke yi wa wuya ƙwarai, wannan babban abu ne, domin daɗin wurin ba ya buƙatar zagaye. Sai dai ƙasar gauraye take, wani wuri daɓe wani wuri turɓaya da ciyawa, kuma wuri ne na motsi. Safiyar Asabar masu motsa jiki ke cika shi, da gudu da tsalle da kiɗa a lasifika. Akwai masu dawakin haya, akwai masu jiragen ruwa. Ga matashi kurma ko mai hannu ɗaya da ke son shiga cikin jama'a ya motsa jiki, babu kamar nan cikin ukun. Ga yaro mai galahanga wanda ƙara ke firgita shi, safiyar Asabar a Jabi azaba ce. Kuma buɗaɗɗen ruwa hatsari ne na gaske ga yaron da ke fizgewa ya ruga, da mai farfaɗiya, da makahon da ɗan jagoransa yaro ne mai shagala. Batun shiga jirgi kuwa, ni ban ba da shawarar a ciccibi babban mutum daga keke a sa shi cikin kwalekwalen da ke rawa a kan ruwa ba, sai idan akwai majiya ƙarfi biyu da suka saba ɗaukarsa, da rigar ruwa daidai jikinsa, kuma shi da kansa ya ce yana so.

Ɓangaren kantin shi ne mafi sauƙi a duk wuraren da nake magana a kansu. Wurin ajiye mota yana jikin ginin, daɓen ciki sumul yake, akwai na'urar hawa bene, akwai banɗakuna a kusa, akwai sanyi, sannan ta baya akwai wurin zama da ke fuskantar tafkin. Wani zai ce ai kanti ba lambu ba ne, kuma ya yi gaskiya. Babu ciyawa, babu tabarma, kuma zama a wurin cin abinci yana cin kuɗi. Amma idan aka ce mini ga dattijo da bai daɗe da tashi daga jinyar shanyewar ɓarin jiki ba, wanda ya yi watanni bai ga komai ba sai rufin ɗaki, nan zan fara kai shi. Ya yi awa ɗaya yana kallon ruwa, ya san banɗaki na bayansa, ya dawo gida ba tare da wani abin kunya ya faru ba. Idan fitar farko ta yi daɗi, shi zai tambayi ta biyu, a lokacin sai a gwada Millennium. Mai amosanin jini kuma a riƙe masa rigar sanyi, domin fitowa daga zafin waje zuwa sanyin na'ura yana iya tayar masa da ciwo.

Gidan namun daji na Asokoro ba zan daɗe a kansa ba, domin hukuncinsa a bayyane yake. Yana gindin dutsen Aso, bayan fadar shugaban ƙasa, ana biyan kuɗin shiga, kuma fili ne mai faɗi da aka warwatsa dabbobin a cikinsa: raƙumi a nan, jimina a can, kada da birai da kunkuru kowanne a nasa wurin, ga lilo da sauran kayan wasan yara. Daɗinsa a zagaye yake. Wanda bai zagaya ba bai ga komai ba, kuma ƙasar gindin dutse ba ta rasa hawa da sauka. Mai keke zai iya zuwa, amma da masu turawa biyu da za su riƙa karɓar juna, kuma a yarda tun farko cewa wasu dabbobin kawai za a gani. Mai sandunan dogarawa zai fi kowa jigata. Makaho kuma shi ne zai fi kowa ƙarancin ƙaruwa, domin dabbar da ke bayan waya ba a taɓa ta, sai wari da ɗan kuka jefi-jefi.

Amma ga yaro kurma, wannan ne wurin. Komai na gidan namun daji da ido ake cinsa, ba ya buƙatar a fassara masa komai, kuma zai dawo da labarin da zai yi kwanaki yana bayarwa da hannu. Haka yara da yawa masu galahanga ko jinkirin fahimta, waɗanda ke iya tsayawa gaban dabba guda su nutsu fiye da yadda suke nutsuwa da mutane. A kai su ranar aiki, a bar su su tsaya inda suka so, kada a ce dole sai an gama zagaye. Idan aka tarar da motocin 'yan makaranta sun zo yawon buɗe ido, a fara ta ɓangaren da ba su nufa ba.

Sufuri yana iya rushe duk wannan lissafi. An hana acaba a tsakiyar Abuja tun 2006, Keke Napep ma an taƙaita shi zuwa unguwannin gefe, saboda haka Maitama da Asokoro sai da mota, ta gida ko tasi. Keken asibiti mai naɗewa yana shiga but. Amma keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda guragu ke ƙerawa da kansu a Kano, ba ya naɗewa kuma ba ya shiga ƙaramar mota. Ga mutanen unguwar naƙasassu ta Karon Majigi da ke kan hanyar filin jirgi, waɗanda yawancinsu Hausawa ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce: Jabi ya fi kusa da su, Asokoro ya fi nisa, kuma bambancin kuɗin mota kaɗai yana iya yanke hukunci. An san Millennium da shiga kyauta, amma kyautar ba ta da amfani ga wanda kuɗin zuwa ya gagare shi. Idan jama'a ce za ta fita, haɗa kuɗi a ɗauki bas guda ya fi araha, kuma kekunan za su samu wuri.

Akwai wata matsala da ba a auna ta da awo, amma duk gurgu ya san ta. Mutum ya yi wanka ya sa kayansa masu kyau ya fito shan iska, sai wani ya miƙo masa sadaka, ko mai gadi ya dube shi da idon mabaraci. A watan Oktoba na 2024 hukumar birnin ta yi shelar kamen mabarata a titunan Abuja, kuma irin wannan yanayi yana sa mai larura ya riƙa ɗari-ɗari ko da bai taɓa bara ba. Ya kamata shi da masu raka shi su san cewa doka tana bayansu. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu a watan Janairu na 2019. Ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ba masu larura fifiko a layi, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa, kuma hedikwatarta a Abujar take. Wanda aka hana shiga ko aka wulaƙanta yana da inda zai kai kuka. A ƙofa dai, mai rakiya ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai larurar, kuma idan mai gadi ya tambaye shi abin da ya shafi mai keken, ya ce masa ga shi nan, a tambaye shi da kansa.

Lokaci ma rabin zaɓi ne. Ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara Millennium yakan cika maƙil, layi a ƙofa, mota ba wurin ajiyewa, kuma mai keke a cikin cunkoso ba ya ganin komai sai bayan mutane. Na san yara sun fi son fita ranar Sallah, amma a jinkirta kwana uku ko huɗu ya fi alheri ga kowa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Abuja ya fi tsanani; a fita da hantsi ko bayan la'asar, musamman da zabiya, wanda hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya daga rana suka zame masa dole, da mai ciwon laka wanda jikinsa ba ya daidaita zafi yadda ya kamata. Watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya yi kauri, shi ne ya fi daɗi: ƙasa ta fara tauri, ciyawa ba ta bushe ba. Mai asma kuma ya guji ranakun da ƙurar hunturu ta rufe gari. A riƙe buta da ruwan alwala a cikin kaya, don kada lokacin salla ya zo a shiga neman famfo da keke.

Idan aka matsa mini in yanke: mai keke da ke da ƙwarin jiki da makaho su tafi Millennium; mai rauni sosai, da wanda banɗaki ne damuwarsa, da wanda wannan ce fitarsa ta farko bayan jinya, su fara da ɓangaren kantin Jabi; kurma matashi ya tafi filin Jabi, kurma yaro da mai galahanga su tafi gidan namun daji ranar da babu jama'a.

Ko wanne aka zaɓa, a tura wani mai lafiya ya je ya dubo kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin wuraren nan suna sauyawa, ana gyara ana rufe ƙofa ana buɗe wata. Ya tafi da awon tela a aljihu. Keken babba yakan kai faɗin santimita 60 zuwa 70, don haka ƙofar banɗaki tana buƙatar aƙalla santimita 80, da fili a ciki na kusan mita ɗaya da rabi idan ana so keken ya juya. Ya duba ko masan na zama ne ko na tsuguno. Idan ya ga an yi gangaren hawan keke a gefen matakala, ya auna shi: ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tudu ya samu santimita 12 na tsawo, wato matakala guda mai santimita 15 tana buƙatar gangare mai santimita 180. Wanda ya gaza haka sosai, mai keke ba zai hau shi shi kaɗai ba, kuma a saukowa a bi shi da baya, mai turawa yana ƙasa. Ya tambayi masu gadi ko za su bar mota ta matso bakin ƙofa a sauke mara lafiya, ya ɗauko hotunan hanyar a waya. Idan ya dawo, a nuna wa mai larurar hotunan, a faɗa masa abin da aka gani dalla-dalla, shi ya ce ga inda yake son zuwa.